Babi na Shida: Wa Ya Saita Maka Wayarka?

Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a Gwarzo da Kabo ba masu su ne suka fara kunna su ba. Mutum ya sayo a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko ya ba ɗan'uwa sautu, ko ya karɓi ta hannu a wajen mai gyara. Kafin ta shiga aljihunsa yaron shago ya riga ya sa mata layi, ya buɗe Gmail, ya amince da duk abin da wayar ta tambaya, ya tura karatu da wa'azi da fina-finai, sannan ya miƙa ta. Mai waya ya biya ladan aiki, ya yi godiya, ya kama hanya. Daga ranar nan, duk tambayar da zai yi wa intanet za ta bi ta hanyar da wani ya zaɓa masa. Kamar a ba mutum rediyo ne an riga an kama masa tasha, ya shekara yana saurare bai taɓa murɗa ta ba, har ya ɗauka tashar ke nan guda ɗaya a duniya.

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa su kira su "Gugul", alhali kowanne da aikinsa. Na farko burauza ce, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita: Chrome, Opera Mini, Firefox, Samsung Internet, ko Phoenix da ake yawan tararwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Na biyu injin bincike ne, wanda ke karɓar tambayarka ya kewaya cikin rumbunsa ya jero maka amsoshi: Google, Bing na kamfanin Microsoft, Yahoo, DuckDuckGo, Yandex na Rasha. Idan ka rubuta "farashin taki" a dogon layin da ke saman burauza, ita ba ta san komai game da taki ba. Miƙa tambayar take yi ga injin da aka ɗaura ta da shi tun daga kamfani, shi kuma ya amsa.

Wannan ɗaurin ba ƙaramin abu ba ne, kuma kuɗin da ake kashewa a kansa ne shaida. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana a gaban kotu cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da masu burauza da kamfanonin sadarwa, don ya zama shi ne injin da mutum zai tarar a ɗaure idan ya kunna na'urarsa. Kamfanin Apple shi kaɗai ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya saɓa dokar hana babakere. Tun kafin nan, a 2018, Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanin Yuro biliyan 4.34 a kan yadda yake tafiyar da Android, bayan haka ne aka fara nuna wa mai sabuwar waya a Turai jerin injinan bincike a ce ya zaɓa da kansa. Mu nan ba wanda ya tambaye mu. Kamfanoni sun san abin da ya sa suke zuba wannan dukiya: a cikin mutane masu yawa, kaɗan ne ke taɓa abin da suka tarar an saita.

Canza shi kuwa bai kai minti ɗaya ba. A Chrome, taɓa ɗigo ukun nan da ke kusurwar sama, shiga setin, za ka ga wurin injin bincike kusa da farko. A wayar da ke Turanci an rubuta Search engine. Taɓa shi, jerin zai fito, ka ga wanda ake kai maka tambayoyinka. A Opera Mini da Firefox ma akwai irin wannan wuri a cikin setin ɗinsu. Ba ina cewa a bar Google ba ne. A ganina, ga mai tambaya da Hausa, har yanzu shi ya fi sauran kawo abin kirki. Amma ka leƙa ka gani da idonka. Idan ka tarar da wani baƙon suna da ba ka taɓa ji ba, ko shafin farko na burauzarka ya koma wani wuri cike da tallan caca da hotunan banza, to ruwa ba ya tsami banza: wata manhaja ce da aka tura maka ta karkatar da bincikenka don masu ita su ci kuɗin talla. Mayar da injin da ka sani, ka nemo manhajar ka goge ta.

Matsalar da ta fi damun mutumin yammacin Kano ita ce injin bincike bai san inda yake ba, kuma sau da yawa bai san garinsu ba. Tun daga 2017 Google ya daina duba ko ka shiga ta adireshinsa na Najeriya ko na wata ƙasa. Inda yake zaton kake, da shi yake auna amsar da zai ba ka. Idan ba ka ba shi izinin ganin wurinka ba, sai ya yi kirdado da lambar da kamfanin layinka ya ba wayarka a intanet, ita kuma wannan lamba sau da yawa Legas ko Abuja take nunawa. Shi ya sa manomi zai zauna a Kutama ya tambayi yanayin sama, a kawo masa na bakin teku. Gangara can ƙasan shafin sakamako, za ka ga sunan garin da Google ke zaton kana ciki. Kana iya gyara shi ta hanyar ba burauza izinin wuri, amma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya bar wayarsa tana faɗin inda yake dare da rana ba. Ka ba da izinin lokacin da kake buƙata kawai, kamar sa'ad da kake neman hanya a taswira. Sauran lokuta, rubuta sunan garin a cikin tambayar ya wadatar.

Sai dai sunayen garuruwan namu ma suna da nasu rikicin, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Rubuta "Kabo" shi kaɗai, abin da zai fi cika maka shafi shi ne Kabo Air, kamfanin jiragen sama da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai. An yi rubutu a kan kamfanin da Turanci fiye da yadda aka yi a kan garin da ya samo sunansa, injin kuwa abin da aka fi rubutawa yake fara kawowa. Rubuta "Garo", sai ka tsinci kanka a tsaunukan jihar Meghalaya da ke arewa maso gabashin Indiya, inda wata ƙabila mai wannan suna take. "Gude" zai iya kai ka ga ƙabilar Gude ta Adamawa. "Godiya" da "Jama'a" da "Kanwa" kuwa kalmomi ne na yau da kullum, injin ba shi da yadda zai gane mazaɓa kake nufi. "Gwarzo" kansa zai haɗo maka labarin gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, da titin Gwarzo na cikin Kano inda sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake, da manyan mutanen da ke ɗauke da sunan garin, irin su tsohon mataimakin gwamna Abdullahi Tijjani Gwarzo.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne Sabon Birni. Akwai Sabon Birni a ƙaramar hukumar Gwarzo, akwai kuma ƙaramar hukumar Sabon Birni a jihar Sakkwato, wadda ta sha fama da 'yan bindiga, labarinta kuma ya cika jaridu. Ɗan Gwarzo da ke neman kuɗi a Fatakwal ko Legas, idan ya rubuta sunan garinsu don jin labarin gida, abin da zai fara gani na iya hana shi barci, alhali ba garinsu ake nufi ba. Mafi muni, yana iya ɗaukar labarin ya tura a WhatsApp, kafin gari ya waye ya zaga dangi.

Maganin wannan yana hannun mai tambaya. Kada ka bar sunan gari shi kaɗai. Haɗa shi da ƙaramar hukuma da jiha: Sabon Birni Gwarzo Kano. Idan kana son kalmomi su fito a jere yadda ka rubuta su, sa su tsakanin alamun zance, kamar "Garo Kabo". Idan wani abu ya dame ka yana ta fitowa, sa alamar ɗebewa manne da shi: Kabo -air zai kawar da yawancin labarin jirgi. Sannan ka kula da wani ɗan layi da ke fitowa a sama, inda Google ke cewa ya nuna maka sakamakon wata kalma dabam da wadda ka rubuta. Yana zaton kuskure ka yi, sai ya mayar da kalmar Hausa ta koma ta Turanci mai kama da ita. A ƙarƙashin layin akwai inda za ka taɓa ka ce a'a, abin da na rubuta nake nufi. Allon rubutun wayar ma yana yin wannan karambani tun kafin tambaya ta bar hannunka, shi ya sa yake da kyau a shiga setin na allon, wato Gboard, a ƙara Hausa cikin harsunansa. Yin haka zai rage gyaran da ba ka nema ba, ya kuma ba ka haruffa masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ.

Game da waɗannan haruffa, ga abin da zan ce. Yawancin Hausar da ke intanet an rubuta ta ne babu lanƙwasa, wasu kafafen kuma suna sawa. Idan ka nemi abu da "ƙ" ba ka gamsu ba, sake nema da "k". Tambaya biyu ba ta fi ƙarfin kowa ba, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Shafin Google na Najeriya yana da Hausa, tare da Igbo da Yarbanci da Turancin Buroka. A shafin farko ake zaɓa, ko a wurin harshe da yanki a cikin setin na bincike. Amma a fahimci iyakar abin: maɓallai da umarni ne za su koma Hausa, ba intanet ɗin ba. Abin da ke jawo amsa da Hausa shi ne yin tambaya da Hausa. A nan muna da rabo, domin akwai kafafe da suka daɗe suna zuba rubutu: sashen Hausa na BBC da ya fara watsa shiri tun 1957, da DW, da RFI, da Aminiya, da Wikipedia ta Hausa da matasanmu ke ta ginawa. Ga wanda rubutun boko ke yi wa nauyi, a watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da ake bincike da murya. Sai an shiga setin na murya a manhajar Google an zaɓi Hausa. In ba haka ba, wayar za ta riƙa sauraren Hausarka da kunnen Turanci, ta rubuta shirme. Wannan ɗan gyara na iya buɗe wa dattijo mai karatun allo, ko uwar gida da ba ta yi nisa a boko ba, abin da a da sai sun jira yaro ya dawo daga makaranta.

Akwai kuma fassara. Tun 2013 Google Translate ke da Hausa, kuma Chrome na iya juya maka shafi sukutum idan ka zaɓi Hausa a wurin harsuna. Tana da amfani wajen gane inda magana ta dosa. Amma ina roƙon manomi da kada ya auna maganin feshi da fassarar na'ura. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano, manoma ke neman sunayen magunguna a waya. Kuskuren kalma ɗaya a wajen awo, ko a wajen kwanakin da za a jira kafin girbi, yana iya ƙona gona ko ya cutar da mai ci. Karanta a waya don ka san abin da za ka tambaya, sannan ka kai tambayar wajen malamin gona. Haka zancen yake ga maganin mutum. Taƙaitacciyar amsar nan ma da Google ya fara ɗorawa a saman shafi tun 2024, wadda ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, tana yin daidai tana yin kuskure, kuma da murya ɗaya take faɗin duka biyun. Gangara ƙasa ka ga daga ina maganar ta fito.

Ɗalibai su ne suka fi shiga hannun macuta. Abin da ya fito a sahun farko ba lallai ne ya fi gaskiya ba. Sau da yawa talla ne da aka biya kuɗi aka ɗora, da 'yar alama a gefensa da ido ke tsallakewa. Lokacin rajistar JAMB, ko ɗaukar aikin soja da 'yan sanda, ko raɗe-raɗin wani tallafi, shafukan bogi kan fito kamar fara, da tambarin gwamnati da launin kore, suna neman lambar NIN da BVN da "kuɗin fom". Akwai dabara guda da nake so kowane ɗalibi a Gwarzo da Getso, da masu neman gurbi a makarantar fasaha ta tarayya da ke Kabo, su haddace. Bayan tambayarka, ƙara site:gov.ng, babu tazara bayan ɗigo biyun. Injin zai kawo maka shafukan da adireshinsu ya ƙare da gov.ng kaɗai, wanda hukumomin gwamnati ake ba, kuma hukumar NITDA ke kula da rabonsa. Don makarantu, site:edu.ng. Shafin JAMB shi ne jamb.gov.ng, na hukumar alhazai ta ƙasa kuma nahcon.gov.ng. Idan ka samu na gaskiya sau ɗaya, adana shi a burauza, gobe ba sai ka sake bi ta kasuwar 'yan damfara ba.

Zancen data gajere ne. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya san zafinta. Chrome ya cire tsarinsa na tsimin data tun 2022, amma Opera Mini har yanzu tana matse shafi kafin ya iso wayarka, shi ya sa take tafiya ko inda sabis ke da rauni. A Chrome, kashe loda shafuka tun kafin a buɗe su, yana ƙarƙashin sirri da tsaro. A manhajar Google, kashe bidiyon da ke kunna kansa. Labaran nan da ke jeruwa a shafin farko ba ka nema ba, su ma ana kashe su.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi, domin ya shafi gida. A garuruwanmu waya ɗaya takan yi wa mutum biyar aiki. Maigida ya dawo ya ajiye, uwargida ta ɗauka ta kira 'yan'uwa, yaro ya karɓa ya duba aikin makaranta, ƙane ya ara ya ga sakamakon ƙwallo. Google na da matata mai suna SafeSearch mai hawa uku: ta tace abubuwan batsa gaba ɗaya, ko ta dusashe hotunan, ko a kashe ta. A wayar da yara ke taɓawa, a sa ta a hawa na farko. Wanda ya saya wa ɗansa waya tasa ta kansa, akwai Family Link da ke ba uba ko uwa damar kulle wannan zaɓi daga tasu wayar. Matatar tana aiki ne a kan sakamakon Google kaɗai, ba ta shiga TikTok ko Telegram, don haka ba ta ɗauke wa iyaye sa ido ba. Ƙazantar da ke faɗowa a fuskar waya ba tare da an nema ba kuwa, wadda ta sha jawo zargi tsakanin miji da mata, galibi daga sanarwar shafuka take: wani shafi ya nemi izinin aiko da saƙo, wani a gidan ya amince bai karanta ba. Shiga setin na Chrome, wurin izinin shafuka, ka buɗe sanarwa, ka toshe duk sunan da ba ka sani ba. Kafin a zargi mutum, a fara duba nan.

Waya kuma tana tunawa. Abin da ka tambaya jiya zai leƙo da kansa gobe idan wani ya fara rubuta harafin farko. Mace ta nemi bayani a kan wata lalura da take jin nauyin faɗa, magidanci ya nemi yadda ake fita daga bashi, saurayi ya tambayi abin da ya kasa tambayar malaminsa. Waɗannan ba laifi ba ne, sirri ne, kuma addini da al'ada duk sun san darajar rufin asiri. Goge tarihi a burauza yana share na cikin wayar, amma idan an shiga da Gmail, akwai wani kwafi a asusun Google. Ana ganinsa a myactivity.google.com, a nan ake goge shi, a nan kuma ake umartar a riƙa share shi da kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36. Don tambayar da ba ka son ta zauna a waya, buɗe shafin Incognito, ka rufe shi idan ka gama. Amma ka san iyakarsa: yana ɓoye wa mai ɗaukar wayar bayanka ne kawai. Kamfanin layinka da shafin da ka ziyarta suna ganin zuwanka. Google kansa, a wani sulhu da ya yi a kotun Amurka a 2024, ya amince zai goge ɗimbin bayanan da ya tara daga mutanen da suka ɗauka wannan shafi ya ɓoye su.

Duk wannan gyara ba zai tsaya ba idan asusun da ke kan wayar ba naka ba ne. Mutane da yawa ba su san adireshin Gmail ɗinsu ba, balle kalmar sirrinsa. Tana cikin littafin yaron shago, ko ya manta da ita tun ranar. Wasu wayoyin na hannu ma har yanzu asusun tsohon mai su ne a kai, duk abin da sabon mai waya ya bincika yana taruwa inda wancan zai iya gani. Taɓa hoton da ke kusurwar sama a manhajar Google ka karanta sunan da ke wurin. Idan ba naka ba ne, a cire shi a buɗe maka naka. Idan naka ne, canza kalmar sirri, ka tabbata lambar da aka ajiye don dawo da asusu lambarka ce, wadda ke da rajista da sunanka.

Ku kuma matasan da ke zaune a shagunan caji da tura fina-finai a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, amanar nan a hannunku take, domin ku ne kuke fara kunna wayoyin iyayenku. Idan Baba ya miƙo sabuwar waya ya ce a saita masa, ku sa lambarsa ba taku ba, ku rubuta masa kalmar sirri a takarda ku ba shi, ku tambaye shi ko yara za su riƙa taɓawa, ku sa masa Hausa a allon rubutu da wurin murya, sannan ku nuna masa ɗigo ukun nan da yatsa kafin ya tashi.